Maganin shanu ba na kare ba ne, balle kyanwa

Da zarar ruwan Afrilu ya sauka a Kachia ciyawa ta tashi, duk mai kare ya san abin da ke tafe. Ka ɗaga kunnen karen ka ga kaska jere a ciki, wasu ƙanana jajaye, wasu sun sha jini sun kumbura sun yi toka-toka. Ka buɗa tsakanin yatsunsa, nan ma suna nan. Kyanwar gida kuwa ba ta cika tara kaska ba, don tana yawan lasar jikinta, amma ƙuma na cinta a wuya da gindin wutsiya, kuma ƙumar nan ce ke cizon yara a ƙafa da dare.

A wannan yanki magani ba ya wuyar samu, kuma matsalar ke nan. Ƙasar noman citta ce, shagunan maganin feshi sun cika kasuwa. Ƙasar kiwo ce kuma: ga Ladduga nan, makiyayar da gwamnati ta keɓe mai faɗin sama da hekta 30,000, inda maganin wankan shanu yake kamar gishiri a kowace ruga. Saboda haka idan kare ya dame mutum da susa, hannu kan kai ga abin da ya rage a jarka. Wani ya shafa baƙin mai, wani kananzir, wani ya ɗiga Sniper ko fiya-fiya a bokiti ya yi masa wanka. Kaskar kan zube, gaskiya ne. Sai dai wani lokacin karen ma ya bi ta, in kuma ya tsira, bayan mako biyu kunnen ya sake cika.

Dalilin sake cikar yana cikin yadda waɗannan ƙwari ke rayuwa. Kaskar da ta fi addabar karnuka a ƙasashe masu zafi, wadda masana ke kira Rhipicephalus sanguineus, kaskar gida ce. Ba ta buƙatar daji. Sau uku take hawa jikin kare a rayuwarta: tana jaririya, tana matsakaiciya, sannan bayan ta balaga. Kowane hawa ta yi ta sha jini kwana kaɗan, sai ta sauka ta nemi tsagar bango, ko ƙarƙashin turmi, ko tsakanin bulo, ta sake fata a can. Tana son hawa sama, shi ya sa ake samunta har kusa da rufi. Macen da ta ƙoshi kan zuba ƙwai dubbai a ɓoye kafin ta mutu, kuma wadda ba ta samu jini ba tana iya jira watanni. Ƙuma ta fi haka ma. Mace ɗaya kan yi ƙwai 40 zuwa 50 a rana, ƙwan ba ya manne wa gashi, zubewa yake a inda dabbar ke kwanciya. Ƙiyasin da likitocin dabbobi ke aiki da shi shi ne, ƙumar da ido ke gani a jikin dabba kusan kashi 5 ce cikin 100. Sauran ƙwai ne da tsutsotsi a cikin tabarma, tsumma da ƙurar ɗaki. Wanda ya wanke kare ya bar makwancinsa, kwasar ruwa yake daga ɗakin da rufinsa ke yoyo.

Karen da ke bin shanu ko na maharba yana ɗauko wasu iri daga ciyawa. Akwai mai zane-zane a baya da dogon baki, wadda makiyaya suka sani sarai domin ita ke tafe da kirci a jikin shanu. Bakinta na shiga fata sosai, kuma in aka fizge ta da ƙarfi wurin kan yi gyambo. Akwai wata ƙarama rawaya-rawaya da ke ɗauke da mafi munin nau'in zazzaɓin da ke fasa ƙwayoyin jinin kare. Ba a banza ake wa kaska kirari da raɓi mai jini ba, amma jinin da take sha ba shi ne babbar ɓarnarta ba, abin da take bari a cikin jinin ne. Kare ya ƙi abinci, jikinsa ya yi zafi, dasashinsa ya yi fari fat, fitsari ya koma kalar shayi, ko haɓo ya riƙa zuwa masa ba dalili: waɗannan alamun cutar kaska ne, kuma sukan bayyana bayan kaskar ta daɗe da faɗuwa. Ƙuma kuwa ita ke kai tsila cikin kare da kyanwa, idan suka haɗiye ta wajen gatsar jiki. Yaro mai rarrafe ma yana iya haɗiye ta.

To, wane magani za a zaɓa? Zan rubuta sunayen yadda suke a jikin kwali, domin abin da mai saye zai duba ke nan. Babban sunan da kamfani ya laƙaba ba shi ne abin dubawa ba. Ƙaramin rubutun da ke faɗin sinadarin da ke ciki shi ne.

A fara da kyanwa, domin a kanta kuskure ya fi kisa. Hantarta ba ta iya narkar da wasu sinadarai da hantar kare ko ta saniya ke narkarwa. Duk abin da aka rubuta permethrin a jikinsa guba ne gare ta, haka 'yan'uwansa cypermethrin da deltamethrin da ake zuba wa shanu a gadon baya. Amitraz ma ba nata ba ne. Ɗigo kaɗan na permethrin mai kauri kan sa ta karkarwa da farfaɗiya cikin sa'o'i, kuma babu makarin wannan guba, sai dai likita ya yi ta fama da alamun. Ba sai an shafa mata ba ma: kyanwar da ta kwanta jikin karen da aka ɗiga wa maganin, ta kuma lashi gashinta, ta ci ke nan. Gidan da ke da kare da kyanwa tare, a ganina ya haƙura da permethrin kwata-kwata, ko kuma ya raba su na kwana uku. Abin da ya dace da kyanwa shi ne fipronil ko selamectin ko fluralaner, kuma wanda aka zana hoton kyanwa a kwalinsa, ba rabin na kare ba.

Ga kare akwai hanyoyi huɗu, kuma ba daidai suke ba.

Wanka da maganin ruwa shi ne mafi arha kuma mafi yawa a nan: amitraz, wanda aka fi sani da sunan Taktic, ko diazinon, ko Asuntol. Amitraz na kashe kaska sosai, amma ba ya taɓuka abin kirki a kan ƙuma, kuma ƙarfinsa ba ya daɗewa, balle ga karen da ruwan sama ke duka kullum. Haɗarinsa yana cikin awo. Kwalbar da aka yi don garke tana da kauri, kuma abin da ake kira "murfi ɗaya a bokiti" ba awo ba ne, tunda murfi murfi ne, bokiti ma iri-iri ne. In ya yi yawa kare kan yi laushi, ya riƙa tangaɗi, zuciyarsa ta rage bugu, jikinsa ya yi sanyi. Wanda ba shi da wata hanya sai wannan, ya nemi sirinji, ya tambayi likitan dabbobi mililita nawa ne a lita ɗaya ta ruwa, ya sa safar roba, ya yi wankan a sarari da safe, kada ya yi wa kwikwiyo ko karya mai ciki ko kare mara lafiya. Ragowar ruwan kuma kada ta gangara rafi ko kusa da rijiya, domin waɗannan magunguna, musamman dangin cypermethrin, suna kashe kifi.

Hanya ta biyu ita ce ɗigon ƙeya, ɗan bututun roba da ake matsewa a fatar wuya inda harshe ba ya kaiwa. Fipronil, mai sunan Frontline, ya fito tun cikin shekarun 1990, yana aiki a kan ƙuma da kaska na kimanin wata guda. Yana bazuwa ne cikin maiƙon fata, saboda haka ba a yi wa dabba wanka kwana biyu kafin a ɗiga da kwana biyu bayan nan, kuma a fata ake ɗigawa, ba a gashi ba. Imidacloprid shi kaɗai na ƙuma ne, bai san kaska ba. Mutane da yawa kan saye shi su ce jabu ne, alhali ba aikinsa ba ne aka ba shi. Kada a kusantar da fipronil ga zomo, yana kashe shi.

Ta uku ita ce ƙwayar taunawa, wadda ta fara shigowa kasuwar duniya a 2013: NexGard da Simparica na wata-wata, Bravecto na kimanin mako 12, ko da yake a kan kaskar gida takardarsa a Turai mako 8 ta ce. Maganin yana zama cikin jini, duk kaska ko ƙumar da ta ciji karen ta mutu. Ga karen Kachia mai kutsa ciyawa da tsallake rafi a damina, babu abin da ya kai wannan, domin ruwa ba ya wanke shi, kuma yaro mai wasa da kare ba ya shafo komai a hannu. Yana maganin ƙazuwar kare ma. Amma yana da tsada ƙwarai ga aljihun manomi, sau da yawa sai an aika Kaduna, Jos ko Abuja, kuma ba ya korar kaska, sai ta ciza tukuna. A watan Satumba na 2018 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa wannan dangin magani kan jawo karkarwa ko farfaɗiya ga wasu dabbobi, duk da ta ce ga mafi yawa ba shi da illa. Karen da ya taɓa yin farfaɗiya, a gaya wa likita kafin a ba shi. Awon kuma da nauyi ne, kada a yi ƙiyasi da ido: ka hau sikelin masu awon citta riƙe da karen, ka sake hawa kai kaɗai, ka cire.

Ta huɗu abin wuya ne. Mai kyau irin Seresto kan kai wata 8, amma jabunsa ya yi yawa a duniya, kuma na araha da ake ratayewa a shaguna galibi ado ne mai wari. Karen da ke kutsa ƙaya kan bar shi a daji.

Akwai kuma allurar ivermectin, wadda kusan kowane mai sayar da maganin dabbobi zai fara miƙo maka. Tana da amfani ga tsutsar ciki da ƙazuwa. A kan ƙuma kuwa ba abin dogaro ba ce, kaska ma taimakonta kaɗan ne, sannan wasu karnukan Turawa na kiwon tumaki ba sa jure ta.

Sniper da fiya-fiya ba sa cikin lissafi. Dichlorvos ne, yana ratsa fata, ta kare da ta mai wankan. Tun 2019 NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalabensa, amma har yau ana ganinsu. Baƙin mai yana ƙona fata, kuma kare na lashe shi. Idan an riga an yi kuskuren, aka ga dalala, amai, zawo ko karkarwa, a wanke dabbar da sabulu da ruwa mai yawa mara zafi, a ɗauki kwalbar a tafi da ita wurin likita. Ɗura manja ko madara ga dabbar da ke shure-shure kan tura shi cikin huhu ne kawai.

Kowanne aka zaɓa, a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, a guji kwalin da ya sha rana a bakin shago, kuma a yi wa duk karnuka da kyanwoyin gidan rana ɗaya. Ƙuma na buƙatar aƙalla wata 3 a jere, domin waɗanda ke cikin ƙwanso ba magani da ke taɓa su sai sun fito. A ranar da aka ba da maganin a share makwanci a ƙone sharar, a wanke buhu da tsumma a shanya a rana mai zafi, tunda tsutsar ƙuma ba ta jure rana da bushewa. A liƙe tsagar bango da siminti ko laka, a sare ciyawar bayan gida. Idan bangon ya riga ya zama gidan kaska, a nan feshi ke da amfani, bayan an fitar da dabbobi, kaji da kwanonin abinci har wurin ya bushe. Mafi kyawun lokacin farawa ƙarshen Maris ne, kafin ruwa. Hunturu kan rage ƙuma, amma kaskar gida ba ta san rani ba, tana cikin bango.

Kaska ɗaya ko biyu kuwa matsefata ta ishe su. A kama dab da fata, a ja a hankali ba murɗawa, a jefa cikin ɗan kananzir ko wuta. Murje ta da farce al'ada ce mara kyau, domin wasu cututtukan kaska na kama mutum, kuma ƙona ta da taba tana manne kan sa ta mayar da abin da ke cikinta cikin jini.

Abubuwa biyu sun shafi yankinmu musamman. Na farko, a wasu garuruwan kudancin Kaduna da Filato ana cin naman kare, ana kuma fataucinsa. Babu ɗaya daga cikin ƙwayoyin taunawa ko ɗigon ƙeyar nan da aka yi don dabbar da za a ci, ba a kuma rubuta wa'adin da nama zai tsarkaka daga gare su ba, don haka karen da aka yi niyyar sayarwa kada a ba shi. Na biyu shi ne Berenil, garin allurar da makiyaya ke yi wa shanu saboda sammore. Gaskiya ne yana maganin zazzaɓin kaska a jikin kare, shi ya sa ake yawan aronsa daga ruga. Amma tazarar da ke tsakanin awon warkarwa da na kisa ƙarama ce ga kare, kuma maimaita allurar washegari don "ta ƙara kamawa" kan lalata ƙwaƙwalwarsa. Ga shi kuma ba kowane zazzaɓin kaska ne yake ji ba: mai kawo haɓo doxycycline yake buƙata, na tsawon kwana 28. Ɗigon jini a ƙarƙashin madubin likita ne ke raba su, kuma wannan gwaji ne da asibitin dabbobi ke yi, in ya gagara a kusa akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da cibiyar binciken dabbobi ta Vom.