Gargaɗi ga Jama'ar Gidan Sori: Masassarar da Ta Juya Hankalin Babba Ba Ta Kwana a Gida

Iyayena da 'yan'uwana na Gidan Sori, da maƙwabtanmu na Tibirin Gobir da Cadakori da Gidan Runji, ku saurari wannan magana da kyau. Idan babban mutum yana fama da masassara, ko miki, ko ciwon ciki, ko kuwa mace ce a ɗakin jego, sai kuka ga ya fara sambatu, numfashinsa ya yi sauri, fitsari ya ɗauke masa, to kada ku bar shi ya kwana a gida. Ku ɗauke shi zuwa likita a wannan lokacin, ko a amalanke ne. Abin da ya kama shi yana iya kashe ƙato mai ƙarfi tsakanin la'asar da asuba.

Likitoci suna kiran wannan hali sefsis. Ƙwayar cuta ce take samun ƙofa ta shiga jiki, jiki ya tashi yaƙarta, sai yaƙin ya wuce gona da iri ya koma kan mai shi, kamar wutar da manomi ya kunna don ƙone sassabe iska ta kwashe ta zuwa rumbuna. Jijiyoyin jini su saki, ruwan jini ya riƙa tsiyaya cikin nama, ƙarfin bugun jini ya faɗi. Ƙoda ta rasa jini, shi ya sa fitsari ke ɗaukewa. Ƙwaƙwalwa ta rasa nata, shi ya sa dattijo mai kamala zai kasa gane 'ya'yansa. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2020 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2017 kaɗai mutum miliyan 48.9 ne suka shiga wannan hali a duniya, miliyan 11 suka rasu. Kusan mutuwa ɗaya ke nan cikin kowace biyar, kuma ƙasashenmu na Afirka kudu da Sahara suna cikin waɗanda abin ya fi yi wa ɓarna.

Ƙofofin da take shigowa duk mun san su. Saran hauya a ƙafa lokacin noma, wanda aka ɗaure da tsumma aka ci gaba da aiki. Ƙayar da ta karye cikin tafin ƙafar mai ciwon suga. Marurun da aka tsaga da askar da ba a tafasa ba. Ciwon haƙarƙari da tari a hunturu. Tsohon da fitsari ke yi wa wuyar fita har mafitsara ta kamu. Ɓarin da bai fita duka ba, ko guntun mabiyiya da ya saura bayan haihuwa. Sai taifod, wadda a mako na biyu ko na uku takan huda hanji, ciki ya ƙame ya yi tauri, mai shi ba ya yarda a taɓa. Likitocin fiɗa na Maradi da na asibitin Galmi sun san wannan sarai, kuma sun san cewa wanda aka kawo da wuri shi ne ya fi tashi daga gadon tiyata.

Na fi jin tsoro ga manya, kuma ga dalilina. Tun 2006 ƙasarmu ta ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuɗin magani, iyaye mata kuma sun saba goya yaro zuwa CSI, wato cibiyar lafiya, da zarar jikinsa ya yi zafi. Magidanci kuwa shi zai biya, kuma shi ne mai cewa a bari gero ya shiga rumbu tukuna. Muna yaba masa da jarumtaka, muna cewa namiji ne, zai ware. Matar aure tana jiran izini, mijin yana ci-rani. Da haka babba yake isa hannun likita a rana ta biyar ko ta shida, lokacin da ƙoda ta riga ta tsaya.

Alamomin da za ku duba ba sa bukatar na'ura. Ku kwantar da shi, ku kalli ƙirjinsa, ku ƙirga numfashi na minti ɗaya da agogon salula. Babba mai lafiya ba ya wuce 20. Idan ya kai 22 ko fiye, abin ya yi tsanani. Ku tambaye shi sunan garinsu da ranar da ake ciki. Ku tambayi matarsa yaushe rabonsa da fitsari. Yini guda babu fitsari ba ƙaramin abu ba ne. Ku taɓa hannuwa da ƙafafu. Kada sanyin jiki ya ruɗe ku: sau da yawa mutane suna murna masassara ta sauka, alhali jikin ne ya gaza, har zafin ma ya kasa yi. Ga mai jego, cikin kwana arba'in ɗin nan, zazzaɓi da ciwon mara da jini mai wari sun isa a tashi, ba sai an jira sauran ba.

Malamaina, limamai da masu ruƙiyya, a nan kuke da babban rabo. Idan hankalin mara lafiya ya juya, ƙofarku ake fara bugawa, ana cewa iska ce ko sammu. Ina roƙonku don Allah, ku sa hannu a jikinsa. Idan da zafi, ko da miki mai ruwa, ko an yi haihuwa kwanan nan, ku ce a tafi likita yanzu, ku bi su da addu'a a hanya. Maganarku ta fi ta kowa nauyi a wannan gidan, kuma daren da za a ɓata ana hayaƙi shi ne daren da ake iya ceto.

Sai maganar ƙarin ruwa, wadda nake so a fahimta sosai, domin mun ɗauki leda mai ɗiga a matsayin maganin komai. Akwai masu yawo da jaka suna rataya ruwa a ƙusar bango, leda bayan leda, dangi suna jin daɗi an yi wa nasu hidima. Gaskiya ne mai sefsis yakan bukaci ruwa ta jijiya. Amma ruwan da ba a auna ba yana kisa. A asibitin koyarwa na Lusaka a Zambiya an gwada wannan a kan manya masu sefsis da jininsu ya faɗi, aka buga sakamakon a 2017. Waɗanda aka ɗura wa ruwa mai yawa da sauri, har lita huɗu cikin awa shida, kashi 48 cikin ɗari suka rasu a asibiti. Waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba, kashi 33. Kafin nan, a 2011, wani gwaji a kan yara a Yuganda da Kenya da Tanzaniya ya nuna irin wannan haɗari. Jijiyoyin da suka saki ba sa riƙe ruwa, sai ya taru a huhu, mutum ya shaƙe. A asibitin da ke da na'urar taimakon numfashi ana iya ceto shi. A ɗakin soro babu mai cetonsa. Idan wannan ya faru a gaban likitoci a babban asibiti, ina ga wanda ya maƙala allura ya hau babur ya tafi wani ƙauye?

Haka kafson kasuwa, mai ja da ɗorawa da sauransu, da ake saye ƙwaya biyu ko uku a tire. Ba sa kashe cutar, sai dai su koya mata jure magani. Binciken da aka yi a wata cibiyar jinyar yara masu tamowa a Maradi, aka buga a 2011, ya gano cewa ƙwayoyin cuta masu bijire wa manyan allurai irin su seftriyazon sun riga sun yaɗu a yankinmu. Maganin ciwon jiki irin diklofenak kuma yana ƙara wa ƙodar da ke neman tsayawa nauyi. Wanda yake cikin hayyacinsa ku ba shi ruwa mai tsabta kaɗan-kaɗan a hanya. Wanda ba ya gane mutane kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi a gefensa.

Majo, wato babban ma'aikacin jinya, da sauran ma'aikatan CSI da ƙananan gidajen likita, na san da abin da kuke aiki, kuma na san bai isa ba. Amma agogo da ma'aunin jini da idon basira suna hannunku. Jinin sama da ya sauko 100 ko ƙasa, da numfashi 22, da gushewar hankali: biyu daga cikin ukun nan sun isa a ɗauki mutum a matsayin mai haɗari. Ku yi gwajin zazzaɓin sauro, amma ko ya nuna akwai, kada ku tsaya nan. A damina da kaka mutane da yawa suna ɗauke da shi a jini, kuma yana iya haɗuwa da wata cutar. A ba da artesunat idan ya kama, a kuma ba da allurar farko ta kashe ƙwayoyin cuta kafin mota ta tashi, domin ga wanda jininsa ya faɗi ƙa'idar likitoci ita ce cikin awa ɗaya. Ruwa a sa kaɗan-kaɗan, rabin lita ko ƙasa, a sake aunawa, a saurari ƙirji. Numfashi ya ƙaru, a tsayar. Sannan a nemi tushen: a buɗe zane a duba ƙafa da gindi da mara. Ruɓaɓɓen ƙurji sai an fitar da mugunya, hanjin da ya huje sai an ɗinke, kuma wannan aikin asibitin Gidan Runji ne ko na Maradi. A rubuta a takardar turawa abin da aka ba shi da ƙarfe nawa.

Dangi kuma, idan majo ya ce a wuce gaba, ku wuce. Kada ku ce a mayar da shi gida a ga abin da Allah zai yi. Ranka ya daɗe mai gari, a nan ake bukatarka tun kafin ciwo ya zo: a san motar wa za a kira, lambarsa tana hannun wa, a kuma ajiye wani asusu na gari da za a ranta wa gida kuɗin mai da na magani a biya bayan kaka. A garuruwanmu na kusa da iyaka kowa ya san tafiyar dare ta zama abin tsoro saboda 'yan bindiga, don haka alamar da aka gani da azahar kada a bar ta ta kai magariba ana shawara. Mai rakiya ya zama wanda ya san yadda ciwon ya fara, ya tafi da kwalaye da ledojin duk maganin da aka sha, har da na gargajiya, ya faɗa wa likita gaskiya ba tare da jin kunya ba. A tafi da 'yan'uwa biyu masu lafiya, ko za a nemi jini.