Ɗan Dambe Ya Kwance Kara: Tsoro Ne Ko Hankali?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka taimake ni da ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, domin in yi wata magana da 'yan'uwana mutanen Mafara da Bakura da Maradun, da sauran masu sha'awar wasan maza duk inda su ke.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, da kakar nan da ta wuce wani yayana, ɗan wan ubana, ya kwance kara, ya ce shi da dambe har abada. Shekara kusan ashirin ya yi yana shiga fili, babu kasuwar da ba a san shi ba a wannan yanki. Maimakon a yi masa barka da arziki, sai gari ya ɗauka wai tsoro ya ji. Ran Talata na ci kasuwa a Mafara, na ji da kunnena ana cewa wai ya hangi wani yaro mai tashe ne ya gudu. Waɗansu ma har gida su ka bi shi da kalangu, suna kiran kirarinsa, don zuciya ta ɗebe shi ya koma. Abin ya ɓata mini rai ƙwarai, don na san abin da ba su sani ba.

Na same shi da daddare, na ce, "Yaya, ka ji abin da mutane ke faɗi. Mene ne gaskiyar al'amarin?" Ya yi shiru, sa'an nan ya miƙo mini hannunsa na dama, ya ce, "Malam, dunƙula mini wannan." Na kama yatsun, biyu daga ciki sun ƙi lanƙwasuwa. Ya ce da sanyin asuba ba ya iya riƙe ƙotar fartanya sai rana ta ɗaga. Ya ce idonsa na hagu ya fara hazo, naushin da dā ya kan gani tun daga nesa, yanzu sai ya sauka ya ke sanin an kawo shi. Ya ce kuma Inna ta tsufa, duk ran da ta ji kiɗa ba ta cin abinci sai ya dawo, ga yara biyar ba su da wani uba sai shi. Ya ce, "In na faɗi a fili, masu tafi za su watse su tafi gidajensu, wa zai ɗauki nauyin waɗannan?" Ban sami abin da zan amsa masa ba.

To, jama'a, kowa ya san yadda dambe ya ke. A naɗe hannu da ƙyalle, a bi shi da zare har ya yi tauri kamar dutse, a yi turmi uku, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi. Abin da ake nema a doka kuwa kai ne. Mutum ya shekara ashirin ana sauke masa wannan a ka, ai ba sai boka ya gaya masa lokaci ya yi ba. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yi masa yoyo.

Don kada a ce mu kaɗai abin ya dama, bari in kawo muku labarin wata ƙasa. A Amurka suna da wani irin wasan tamaula wanda ba irin namu ba ne. Ƙwallonsu dogo ne kamar gwanda, da hannu ake jifansa, mutum goma sha ɗaya ne a kowane gefe, ana ture juna ana kayarwa. A cikinsu akwai mutum guda wanda za mu iya kiransa madugu. Shi ke tsayawa bayan sahu, shi ake miƙa wa ƙwallo, shi ke duba inda zai jefa, kuma shi abokan gāba duka ke nema su danne. Ba wanda ya kai shi suna, ba kuma wanda ya kai shi shan zagi ran da aka sha kashi.

Wani madugu mai suna Andrew Luck, na ƙungiyar garin Indianapolis, ya bar wasa ran 24 ga Agusta, 2019, yana da shekara 29 tak, lokacin da kowa ke cewa yanzu ya fara. Ya taɓa samun rauni a ƙoda a 2015, ciwon kafaɗa kuma ya hana shi wasa shekarar 2017 ɗungurungum. Da ya tsaya gaban 'yan jarida, ya bayyana cewa shekara huɗu ke nan yana juyawa tsakanin rauni da zafi da jinya, daga ya warke sai wani ya taso, har daɗin wasan ya fita daga ransa. A daren nan waɗansu 'yan kallo su ka yi masa ihu yana fita daga fili. Kun ga halin ɗan Adam ɗaya ne, ko a Amurka ko a Ruwan Gizo. Amma bai mutu don ihunsu ba. A 2024 jami'ar da ya yi karatu, watau Stanford, ta ba shi riƙon sha'anin wasan ƙwallonta.

Wani kuma, Peyton Manning, an yi masa aiki a wuya har ya rasa wasan 2011 duka. Ya dawo, ya yi ta fama, ya ci babban kofinsu a watan Fabrairu 2016, a watan Maris ya yi sallama yana da shekara 39. Wannan ya sauka ana tafa masa. Na uku, Tom Brady, wanda ya ci kofin nan har sau 7, ya ce ya bari a Fabrairu 2022, bayan kwana 40 zuciya ta ƙi, ya dawo. Ya ƙara shekara guda, bai ƙara kofi ba, ya sake barin wasa ran 1 ga Fabrairu, 2023, yana da shekara 45. In mutumin da ya tara suna da dukiya irin wannan ya kasa rabuwa da fili karo ɗaya, ina ga talaka wanda abincinsa ke nan? Ashe kwance kara ya fi ɗaura shi wuya.

Ga kuma wanda ya ƙi sauka da wuri. Muhammad Ali, wanda ya ziyarci Kano a 1964, ba a yi ɗan damben da duniya ta sani kamarsa ba. A watan Oktoba 1980, yana da shekara 38, ya koma ya kara da Larry Holmes, ya sha duka har mutanensa su ka tsai da wasan bayan turmi na 10. Bai haƙura ba, ya sake shiga a Disamba 1981, aka sake cinye shi. A 1984 aka bayyana yana da ciwon karkarwa, da shi ya zauna har ya rasu a 2016. Amma Hogan Bassey, ɗan Nijeriya na farko da ya zama zakaran duniya a 1957, da aka karɓe kambinsa a 1959, ya nema bai samu ba, sai ya ajiye, ya koma koya wa yaran ƙasarmu. Ya yi suna sau biyu, da hannunsa da kuma hannun almajiransa.

Mu ma a nan Zamfara muna da abin misali. Shago, wanda Ɗan Anace ya yi wa waƙa, yau ba ya fili, amma sunansa bai fita daga fili ba. Har yanzu in yaro ya taso a hannun wani gwani sai a ce da shi shagon wane. Wannan ya nuna abin da ke wanzuwa shi ne suna da magada, ƙarfin damtse kuwa aro ne, Mai shi zai karɓi abinsa.

Ni akawu ne. Ran da na kama aiki aka rubuta ranar da zan bar shi, domin dokar aikin Gwamnati ta ce shekara 60 da haihuwa ko 35 da aiki, duk wadda ta riga zuwa. In ranar ta zo za a yi mini walima, a ba ni fansho, ba mai cewa na ji tsoron alƙalami. Ɗan dambe ba shi da takarda, ba shi da fansho, jikinsa ne kaɗai ke ba shi notis. In ya ji ya bi, don me za mu zage shi?

Saboda haka ina da shawara huɗu. Ta farko, ga makaɗa: ku ji tsoron Allah, in mutum ya ce ya bari, kada ku bi shi da kirari. Kun san abin da kalangu ke yi wa zuciyar namiji, in ya koma ya nakasa kuna da kamasho a cikin alhakin. Ta biyu, ga sarakunan dambe da masu shirya wasa: a riƙa sa rana ta musamman don sallamar wanda ya tsufa, a kira shi tsakiyar fili, ya kwance kara a gaban jama'a, a ba shi abin da aka tara a ƙofa ran nan. In an yi haka, barin wasa zai zama girma, yara ma su yi sha'awarsa. Ta uku, ga samari masu tashe: kuɗin da ake liƙa muku ba kullum za a liƙa ba. Ga madatsar ruwan Bakolori a ƙofarmu tun 1978, ana noman rani. Wanda ya sami kyauta ya sayi gona ko ɗan maraƙi, kada ya ƙare a sutura da abokan cin mushe. Ta huɗu, ga mu 'yan kallo: wanda bai taɓa shan naushi ba ya rage baki a kan wanda ya sha shekara ashirin.

Yayana dai yana nan, ya yi shukar shinkafarsa ta rani, yara biyu na unguwa suna zuwa wurinsa da yamma yana nuna musu yadda ake kare fuska. Inna kuwa ta koma cin tuwonta ko ana kiɗa. In akwai wanda ya ga kuskure a maganata, ga fili ga mai doki, ya rubuto wa Edita mu ji hujjarsa.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.

Ni ne naka,
Wani Akawu,
Ruwan Gizo, Talata Mafara.