Masu Ɗaukar Hoto Don Sha'awa: Jiragen Yaƙi da Karnukan da Ba Su da Masu Su

A Turai da Amurka da wasu sassan Asiya akwai mutanen da ɗaukar hoto ba sana'arsu ba ce, amma a kansa suke ƙarar da ranakun hutunsu da ɗan abin da suka tara. Cikinsu akwai malaman makaranta, direbobi, ɗalibai da 'yan fansho. Wasu jiragen saman soja suke bi, wasu jiragen ruwan yaƙi, wasu kuma karnukan da ke gidajen ajiye dabbobi. Duk da nisan da ke tsakanin waɗannan fannoni, abu biyu sun haɗa su: abin da ake ɗauka ba ya tsayawa ya jira mai kyamara, kuma hoton yakan yi aikin da ya wuce nishaɗi.

Jiragen saman soja

Al'adar lura da jiragen sama ta yi ƙarfi a Birtaniya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da aka horar da fararen hula su gane jirgi daga siffarsa, su bambance na gida da na abokan gaba. Bayan yaƙi sai abin ya koma sha'awa. Mutum yakan rubuta lambar da ke jikin kowane jirgi a littafinsa, daga baya kyamara ta shigo.

Wuri mafi sauƙi shi ne bikin nunin jirage, kamar wanda ake yi kowane watan Yuli a sansanin Fairford na Ingila, inda rundunonin ƙasashe da dama ke kawo jiragensu. Amma waɗanda suka yi nisa a harkar sun fi son kwarurukan da matuƙa ke atisayen tashi ƙasa-ƙasa. Mafi shahara shi ne Mach Loop, tsakanin garuruwan Dolgellau da Machynlleth a yankin Wales, inda jirage kan sauko har ƙafa 250 daga ƙasa. Masu hoto kan hau tsaunuka tun da sassafe, su zauna cikin sanyi da iska, wani lokaci yini guda ba ko jirgi ɗaya. In jirgi ya zo kuwa, daƙiƙu kaɗan ne ya wuce. Ladan wahalar shi ne, jirgin a ƙasansu yake bi, don haka suna samun bayansa, har da matuƙin a zaune cikin gilashi.

Kayan aiki na farko shi ne dogon gilashin kyamara mai janyo nesa kusa, yawanci na milimita 300 zuwa 600. Na biyu shi ne sanin saurin ƙiftawar kyamara. Jirgin jet yana buƙatar kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa ko abin da ya fi haka sauri. Jirgi mai farfela kuwa akasin haka ne: in ƙiftawar ta yi sauri, farfelar kan fito a sandare kamar injin ya mutu a sama. Shi ya sa ake rage saurin zuwa wajen kashi ɗaya cikin 200, mai hoto yana juya jikinsa yana bin jirgin da kyamara, domin gangar jirgin ta fito tar, farfela kuma ta nuna tana juyawa.

Harkar ba ta rasa haɗari ba. A watan Yulin 2019 wani jirgin F/A-18 na sojojin ruwan Amurka ya faɗi a kwarin Rainbow Canyon da ke Kalifoniya, matuƙin ya mutu, 'yan kallo bakwai suka ji rauni. Akwai kuma batun doka. A watan Nuwamban 2001 hukumomin Girka sun kama 'yan Birtaniya 12 da 'yan Holan 2 bayan sun ziyarci sansanin sojan sama na Kalamata, aka tuhume su da leƙen asiri. Kotu ta same su da laifi a 2002, sai a ɗaukaka ƙara aka wanke waɗanda suka koma gaban alƙali. Abin da ake ɗauka wasa a wata ƙasa laifi ne a wata. A Najeriya ma, dokar sirrin gwamnati ta 1962 ta haramta ɗaukar hoton wuraren tsaro da aka keɓe.

Jiragen ruwan yaƙi

Jirgin ruwa ba shi da saurin na sama, amma kusantarsa ke da wuya. Don haka masu wannan fanni kan jira a bakin tashoshi da mashigai, ko su halarci bukukuwan da ake buɗe jirage ga jama'a, kamar makon rundunar ruwa da ake yi a birnin New York cikin watan Mayu.

Da wuya a sami wurin da ya kai mashigin Bosforus na Istanbul. Tsawonsa kimanin kilomita 30 ne, inda ya fi ƙunci kuma faɗinsa bai wuce mita 700 ba. Duk jirgin da zai fita daga Bahar Aswad zuwa Bahar Rum dole ya ratsa tsakiyar birnin. Yarjejeniyar Montreux ta 1936 ta wajabta wa jiragen yaƙi sanar da Turkiyya kafin su wuce, ta kuma ce jirgin ƙarƙashin teku ya bi da rana, a saman ruwa. Da Rasha ta shiga yaƙin Siriya a 2015, masu hoto na Istanbul suka riƙa ɗaukar jiragenta da ke zuwa tashar Tartus ta Siriya. Suna duba lambar jikin jirgi, da kayan da ke kansa, da yadda ya nutsa cikin ruwa, domin jirgin da ya tafi a nutse ya dawo a ɗage ya sauke kaya ke nan. A watan Disamban 2015 hoton wani sojan Rasha ɗauke da makami mai linzami a kafaɗa bisa jirgin Caesar Kunikov ya sa Turkiyya ta kira jakadan Rasha don nuna fushinta.

Karnukan gidajen ajiya

A ƙasashen da ake zama da kare cikin gida, akwai cibiyoyin da ke karɓar waɗanda suka ɓata ko aka yasar, su riƙe su har a sami mai so. Gidan Battersea na Landan, wanda aka kafa a 1860, yana cikin mafi daɗewa. A Amurka miliyoyin karnuka ke shiga irin waɗannan gidaje duk shekara, kuma in wuri ya cika wasu gidajen kan kashe waɗanda ba a ɗauka ba.

Yanzu a intanet mutane ke fara ganin kare kafin su je. Hoton da ma'aikaci ya ɗauka a gaggauce ranar da aka kawo dabbar yakan nuna ta a tsorace, a bayan waya, cikin duhu. Nan masu sa kai ke shigowa. Sukan fito da karen fili, su bar shi ya zagaya ya natsu, sannan su durƙusa har kyamara ta yi daidai da idonsa. Wani yakan tsaya bayan mai hoto da abin wasa mai ƙara ko ɗan guntun abinci, domin karen ya ɗaga kunnuwa ya kalli gaba. Baƙin kare ya fi wuya, saboda a tsakar rana fuskarsa kan haɗe ta zama duhu ɗaya. Akan kai shi inuwa, a ɗan ƙara hasken kyamara har idanu su fito. Ba a amfani da walƙiyar kyamara kai tsaye, don tana firgita dabbar, tana kuma sa idanunta ƙyalli. Daga nan sai a miƙa wa gidan hotunan kyauta, su sa a shafinsu tare da shekarun karen da bayanin halinsa.