Aikin Jinga Da Kwamfuta A Lokacin Da Kasuwa Ta Yi Sanyi

Kowa a cikinmu ya san jinga. Mai gona ya nuna wa mutum iyakar wurin da ya ke so a nome, su yi ciniki, in an gama a biya, kowa ya kama gabansa. Ba albashi, ba fansho. To, irin wannan ciniki ya daɗe da shiga aikin kwamfuta. Wani kamfani a Ingila, ko wata makaranta a nan cikin gari, su kan nemi mutum ya gina musu shafin intanet, ko ya gyara manhajar da ta ƙi aiki, ko ya tsara musu lissafi, a biya shi ladan wannan aikin kaɗai. Da ya ke da yawa daga cikinmu za su jima riƙe da takardar shaida kafin a kira su aikin koyarwa, ni kuwa na ɗan taɓa wannan sana'a a lokutan hutu, na ga ya kamata in bayyana yadda kasuwar ta ke, don kada wani ya sa a sayar da akuyar gida a saya masa kwamfuta bisa tsohon labari.

Bari mu fara da dalilin sanyin kasuwar. A 2020 da 2021, lokacin annobar korona, duniya ta koma ciniki da karatu ta intanet, bashi kuma yana da arha a Amurka, don kuɗin ruwa ya kusa zama babu. Sai kamfanoni suka yi ta ɗibar ma'aikata ba ƙaƙƙautawa. Amma a watan Maris na 2022 babban bankin Amurka ya soma ƙara kuɗin ruwa, kafin ƙarshen Yuli na 2023 ya haura kashi 5 cikin 100. Masu zuba jari suka ɗaure bakin jaka. A Nuwamba 2022 kamfanin Meta, mai Facebook, ya sallami mutum 11,000. A Janairu 2023 Amazon ya ba da sanarwar sallamar 18,000, Google 12,000, Microsoft 10,000. Waɗannan mutane kuwa gwanaye ne, kuma da yawansu jingar suka koma nema. Ga shi kuma ChatGPT ya fito a Nuwamba 2022, har ƙananan ayyukan da sabon shiga kan fara da su, kamar gajeren rubutu da fassara mai sauƙi, mai aiki ya kan sa na'ura ta yi masa.

Tun kafin wannan ma an ga alama a nan gida. Andela, wanda aka kafa a Ikko a 2014 don horar da samari rubuta manhaja, ya sallami ƙananan injiniyoyi fiye da 400 a Satumba 2019, ya ce masu ba shi aiki ƙwararru su ke nema.

Amma fa aiki bai ƙare ba. Kamfanin da ya ji tsoron ɗaukar ma'aikaci na dindindin, in shafinsa ya lalace tilas ya nemi mai gyara, jinga kuwa ta fi masa sauƙi. Abin da ya sāke shi ne halin mai ba da aikin. Da can, da kuɗi a hannunsa, ya kan gwada baƙo, in bai yi ba ya gwada wani. Yanzu kuɗinsa ƙidayayye ne, ba ya so ya yi asara ko sau ɗaya. Saboda haka ba wanda ya fi kowa arha ya ke nema ba, ba kuma lalle wanda ya fi kowa iyawa ba, sai wanda hankalinsa ya kwanta da shi. Duk dabarar neman jinga a irin wannan lokaci a nan ta tsaya, watau yadda za ka cire wa mutum tsoro.

Don haka ni shawarata a fara daga kusa. Aikina na fari wata makaranta mai zaman kanta ce ta ba ni, ta bakin wani malami da ya san ni. Sun gaji da haɗa sakamakon jarrabawa da hannu, na tsara musu shi a Excel yadda jimla da matsayin kowane yaro za su fito da kansu. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma shugabar ta gaya wa wata, watan kuma ta kira ni. Mu malamai muna da wata fa'ida a nan da ba kowa ke lura da ita ba: mun san ciwon makaranta daga ciki. Injiniyan da aka sallama daga Google ya fi mu sanin kwamfuta nesa ba kusa ba, amma bai san yadda a ke haɗa makin gwaji da na jarrabawa a katin rahoto ba.

Wannan ya kawo mu ga taƙaita sana'a. Wanda ya ce ya iya kome, mai aiki ya kan ɗauka bai iya kome ba. Gara ka ce, "Ina gina wa makarantu da ƙananan asibitoci shafi da WordPress," ka kuma nuna guda biyu ko uku da ka gina waɗanda mutum zai buɗe ya gani da idonsa. Takardar kwas, ko ta shirin 3MTT da Gwamnatin Tarayya ta soma a 2023, tana da amfaninta, amma ban taɓa jin mai aiki ya tambaye ta kafin ya tambayi abin da na yi ba.

Sa'an nan sai dillalai, watau shafuna irin su Upwork da Fiverr, inda a ke haɗa mai aiki da ɗan jinga. A Fiverr kai ne za ka baje hajarka da farashinta, mai saye ya zo. La'adarsu kashi 20 cikin 100 ce, sabon shiga kuma sai ya jira kwana 14 bayan gama aiki kafin ya taɓa kuɗinsa. A Upwork mai aiki ne ke shelar abin da ya ke so, kai ka aika da takardar nema, kuma kowace takarda tana cin wasu tikitoci da a ke saye da dala. Kun ga ke nan mai watsa takardu barkatai kuɗinsa ya ke ƙonawa. Karanta shelar sosai, ka rubuta layi biyar ko shida a kan matsalar mutumin, ba tarihin rayuwarka ba, ka faɗi abin da za ka fara yi da ranar gamawa. Amfanin dillali shi ne mai aiki ya kan ajiye kuɗin a hannunsa tun kafin ka fara. In wani ya ce ku zagaye dillali ku koma WhatsApp tun ba ku san juna ba, ko ya ce ka biya kuɗin rajista kafin a ba ka aiki, rabu da shi.

Akwai kuma jingar da Hausa ke kawowa. Kamfanonin da ke koya wa na'ura harshe su kan nemi masu fassara, da masu rubuta abin da aka faɗa a faifai, da masu duba amsar na'ura. Mu da mu ke karanta ƙa'idar rubutu a aji, mu ka san inda ƙ da ɗ da ɓ su ke zama, muna da rabo a nan. Sai dai aiki ne irin na ruwan bazara. A Maris 2024 Remotasks ya rufe ƙofarsa ga ma'aikatan Nijeriya da Kenya ba zato ba tsammani, waɗanda suka dogara gare shi kaɗai suka wayi gari hannu rabbana.

Game da kuɗi, tun da aka saki naira a Yuni 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 har ta wuce 1,500 a 2024, shi ya sa aikin waje ke jan ido. Yawancin 'yan jinga ta Payoneer ko asusun dala na banki su ke karɓa. In kuwa aikin gida ne, ba dillali a tsakani, a rubuta yarjejeniya ko da a saƙon waya ne: mene ne aikin, nawa ne, yaushe za a gama, gyara sau nawa ne kyauta. A karɓi kafin alƙalami, ni rabi na kan nema. Cikin lissafin farashi a sa kuɗin data da na cajin kwamfuta in an ɗauke wuta, a kuma duba kalandar kwaleji kafin a sa ranar gamawa, don makonnin koyarwar gwaji ba su barin wa mutum dare balle rana.