Gida Mai Araha Kuma Mai Lafiya: Jawabi Ga Masu Gida Na Ƙasar Dawakin Kudu, Kura Da Bunkure

Mai gida, a saurara. Yawancin cututtukan da su ke kawo mutane disfensare daga gida su ke farawa. Zazzaɓin cizon sauro, da gudawa, da tari, da karayar tsofaffi, duk suna da alaƙa da irin ɗakin da mutum ya ke kwana a ciki. Mutane da yawa suna zaton gida mai lafiya sai mai kuɗi. Wannan ba haka ba ne. Ginin ƙasa ma, in an yi shi bisa ƙa'ida, ya ishi talaka da iyalinsa da tsofaffinsa.

Gwamnati ta sha yin ƙoƙari. A zamanin Shugaba Shehu Shagari, daga 1979 zuwa 1983, an gina gidaje masu sauƙin kuɗi a jihohi. A 1992 kuma aka kafa asusun gidaje na ƙasa, wanda akasari masu albashi ne su ke zuba kuɗi a ciki. Amma manomi ba shi da albashi. Saboda haka galibi shi ne zai gina wa kansa, kuma ya kamata ya san yadda zai yi.

ABIN DA RUWA YA KAWO

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ja ruwa zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, noman rani ya bunƙasa. An sami shinkafa da alkama da tumatir. Amma ruwan da ya ke kwance a gonaki da magudanai ya sa sauro ba ya ƙarewa ko da rani. Har ila yau, a wuraren da ke kusa da fadamun shinkafa ƙasa tana riƙe laima. Laima kuwa ita ce ta ke cin gindin bango har ya faɗi da damina, sau da yawa cikin dare, mutane suna barci.

WURIN GINI

Zaɓi tudu, inda ruwa ba ya kwanciya bayan an ɗauke ruwan sama. Nisanci bakin magudanar ruwa. Yaran da su ke wanka a cikinta suna kamuwa da tsargiya, watau fitsarin jini, domin ƙwayar cutar tana fitowa daga ƙananan dodon koɗi da su ke zaune a ruwan. Kada ka haƙa ƙasar gini a jikin gidanka. Ramin zai zama kududdufi, gidan sauro ke nan, kuma yaro yana iya faɗawa. In ka riga ka haƙa, cike shi.

BANGO DA RUFI

In kuɗinka kaɗan ne, kada ka watsa su ko'ina. Sa su a wuri biyu: gindin bango da rufi. Yi harsashi da dutse ko bulo na siminti har ya ɗara ƙasa da kamar ƙafa 2, sa'an nan ka ɗora tubali a kai. Daɓen ɗaki ya fi tsakar gida tudu. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka a yi yaɓe. Makuba, wadda a ke samu daga kwasfar ɗorawa, tana taimakon yaɓe ya jure ruwa. In soro ne, a duba azara, a share indararo, a tabbata yana zubar da ruwa nesa da bango.

Rufin kwano ba ya yoyo da wuri, amma yana da zafi ƙwarai da bazara, da sanyi lokacin hunturu. In ka sa kwano, yi masa silin, ko da na zana ko tabarma. Kuma a toshe tsakanin kan bango da rufi, domin ta nan sauro ya fi shiga da dare.

TAGA

Ɗaki marar taga ba ajiyar sirri ba ne, ajiyar cuta ce. Tarin fuka da sanƙarau suna yaɗuwa inda mutane da yawa su ke kwana ba iska. Manya ba su manta da sanƙarau na 1996 a Kano ba. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce faɗin taga ya kai kashi ɗaya cikin goma na faɗin daɓe. Misali, ɗaki mai ƙafa 10 kowane gefe yana bukatar taga biyu, kowace ƙafa 2 da ƙafa 2 da rabi, suna duban juna don iska ta ratsa. A sa musu waya mai ƙananan idanu. An gwada wannan a ƙasar Gambiya, aka ga sauron da ke shiga ɗaki ya ragu da kimanin rabi. Duk da haka lalle a kwana cikin gidan sauro.

MASAI DA RIJIYA

Tsakanin masai da rijiya kada ya gaza mita 30, watau kamar ƙafa 100, kuma masai ya kasance ta gangare. A ƙasa mai laima irin tamu ƙazanta tana saurin bin ruwa ta ƙarƙashi. A yi wa bakin masai murfi saboda ƙuda. A ɗaga bakin rijiya, a rufe ta. Dabbobi kuma a yi musu turke nesa da ɗakin kwana.

ƊAKIN TSOHO

Kada a tura tsoho ko tsohuwa ɗakin da kowa ya ƙi. Ga abin da ɗakinsu ya ke bukata:

1. Ya kasance kusa da na iyali, yadda in sun yi kira da dare za a ji.
2. Dokin ƙofa ya zama gajere, daɓe kuma ba rami. Tsoho in ya faɗi ya karye a ƙugu, da wuya ya sake tafiya.
3. Hanyar masai ta zama kusa, a share ta, a kafa sanda ko igiya ta dafawa, a ajiye musu tocila.
4. Gado kada ya yi tsawo, kada ya yi ƙasa ainun.
5. Da hunturu kada a bar kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Gawayi yana fid da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. Bargo ya fi.

YADDA ZA A RAGE TSADA

A buga tubali da rani bayan girbi, ya bushe sarai kafin a ɗora. A gina ɗaki ɗaya a gama shi, ya fi a fara uku a bar su ba rufi. Kuɗin kwano da siminti a tara su ta hanyar adashi. Aikin hannu kuwa a kira gayya. Mai unguwa da liman su ƙidaya tsofaffi da gwauraye da marayun da ba su da mai yi musu yaɓe, samari su kewaya su kafin watan Mayu ya ƙare.

In ka ga bango ya tsage daga sama zuwa ƙasa, ko gindinsa ya jiƙe yana marmashewa, fid da iyalinka daga ɗakin a ranar, kada ka jira gobe. Wanda ya ke son ƙarin bayani ya zo disfensare ko ya tambayi duba-gari. Allah ya ba mu lafiya.