Tallafin Sola: Kuɗin Ba Hannunka Zai Shigo Ba

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mai injin niƙa a Kaura Namoda da mai cajin waya a Zurmi da mai sayar da ƙanƙara a kasuwar Shinkafi kukansu ɗaya ne: ribar yini a tankin janareta take ƙarewa. Mutanen yankin ma sun ɗanɗana wahalar tun 2021, lokacin da gwamnatin jiha ta hana sayar da fetur a jarka saboda matsalar tsaro. Shi ya sa da an ce gwamnati na raba sola, kowa sai ya miƙe. 'Yan damfara kuwa sun san da haka.

Tallafin sola dai akwai shi. A watan Disambar 2023 Bankin Duniya ya amince wa Najeriya rancen dala miliyan 750 don shirin DARES, wanda Hukumar Samar da Lantarki a Karkara, wato REA, ke gudanarwa. Sai dai ba a tura wa mai shago kuɗin a asusunsa. Kamfanonin da hukumar ta tantance ake bai wa, kuma galibi sai sun kafa kayan, an tabbatar wuta ta kama, sannan a biya su. Abin da zai iso gare ka shi ne ragin farashi, ko biya da kaɗan-kaɗan, ko wutar mita daga ƙaramar tashar sola ta gari. Kusan haka aka yi a kasuwar Sabon Gari ta Kano a wani shiri na hukumar: kamfani ya kafa kayan, 'yan kasuwa suna biyan kuɗin wutar da suka sha.

Saboda haka duk wanda ya turo maka saƙo ta WhatsApp wai ka biya kuɗin fom, ko ka ba shi lambar BVN, ko lambar sirrin da banki ya aiko maka, ɓarawo ne, ko da hoton tambarin gwamnati ya liƙa a saman takardar.

Ko kamfanin na gaskiya ne, a buɗe ido. Farantin sola yana iya haura shekara 20 yana aiki, amma batir ba ya kai haka, musamman mai ruwa. A nan kwamitocin masallatai da Islamiyyu da ƙananan asibitoci suke shan ƙasa: a yi bikin ƙaddamarwa, a ɗauki hotuna, batir ya mutu, a rasa wanda zai saya. Kafin a sa hannu a tambaya: shekara nawa ne garantin batir da inbata? In sun lalace wa zai zo gyara, daga Gusau ko daga Legas? A sa amsar a rubuce.

Mai niƙa da mai walda kada su yarda da ƙaramin saiti irin na fitila da fanka, domin injin niƙa yana jan wuta mai yawa a lokacin tashi, na walda kuwa ba ya wasa da wuta. In hunturu ya shigo, a riƙa share ƙurar farantin da ruwa da tsumma mai laushi, da sassafe kafin gilashin ya ɗau zafi.