Ko Kun Sani? Yakuwa Tana Lissafin Tsawon Dare

Manomin Dakoro da ya jera yakuwa a gefen gonar geronsa ya san cewa, ko da wuri ya shuka ta ko a makare, ba ta yin fure sai damina ta juya baya, sa'ad da yini ya fara gajarta, dare ya yi tsawo. Hikimar kuwa, ganyenta yana auna duhu ne kamar yadda ladan yake auna fitowar alfijir. Jan launin zoborodonta, wanda masana ilmin tsirrai suke kira antosayanin, yana cikin abubuwan da ake danganta wa sassauta hawan jini, kuma haske ne ke zuga tsiron ya ƙera shi. Amma abin mamaki, ranar da ta haife shi ita ce ke kodar da shi idan an bar shanya ta daɗe a tsakar gida.

Dangin tazargade na ƙasar Sin, wanda Tu Youyou ta tace maganin zazzaɓin cizon sauro daga ganyensa a 1972, har ta sami lambar Nobel a 2015, sha'aninsa daban ne, domin shanya a rana ƙara masa ƙarfi take yi. Sai dai shi ma yana gaggawar fure muddin yini ya gaza kimanin sa'a 13 da rabi, alhali yinin Dakoro, ko a watan Yuni, da ƙyar yake kai sa'a 13.